Tsarabar Sammani

A shagonsa na ɗinki da ke Ƙofar 'Yandaka Sammani ya fara ganin Safara'u, ranar da ta kawo atamfar Sallah. Ya tambayi sunanta, ya sake tambaya, ya kuma sakewa, har ita kanta ta gane ba mantuwa ke damunsa ba.

Kafin a ankara ya san hanyar gidansu a Gobarau. Shi kuwa bawan Allah bai iya zuwa zance hannu rabbana ba. Kullum da 'yar ledarsa: alawar madara, gullisuwa, wani lokacin dabino.

"Ci mana, Sanyin idona. Ko tsarabar tawa ba ta karɓu ba?"

To, ina budurwa za ta mayar wa saurayi abin hannunsa? A unguwarsu, wadda ta ƙi taɓa tsarabar manemi ta gama ba shi amsa ke nan. Sai ta ɗauka ta ci tana murmushi. Tun tana sakandare take fama da ciwon suga, kullum sai ta yi allura, kuma ta ga yadda wani manemi ya ɗauke ƙafa ranar da ya ji. Wannan kam ba ta son ta rasa shi.

Baki ne ya fara tona mata asiri. Ga bushewa kamar mai azumi, ga jini a buroshi duk safiya. Dasashi ya kumbura, haƙori ɗaya na ƙasa ya soma girgiɗa.

"Ke wace irin ɗiya ce?" in ji Inna, mahaifiyarta. "Ki faɗa mashi gaskiya ki huta!"

"Inna, in ya tafi fa?"

Da kumatu ya haye, ta daina fita zance. Ta zauna ta miƙe, ta leƙa zaure ta dawo. Ashraf, ɗan baffanta, ya kai ta wurin likitan haƙori. Likita ya ce haƙorin ba zai tsira ba, amma ba zai cire shi ba sai suga ya sauka, don ciwo ba ya saurin warkewa a jikin da suga ya hau. Shi kuma kumburin dasashin ƙara hayar da sugan yake yi.

Suna hanyar gida saƙon Sammani ya shigo wayarta:

"Sau nawa zan yi sallama a ce ba ki nan? An gan ki a motar Ashraf. In shi kika zaɓa, ki gaya mani, zan haƙura."

Ta rubuta ta goge, ta rubuta ta goge. Can dai ta runtse ido ta tura:

"Masoyina, Ashraf yayana ne, asibiti ya kai ni. Ciwon suga gare ni, na ɓoye maka don tsoro. Duk hukuncin da ka yanke, na gode da son da ka yi mani."

Da isarta gida, ko hijabi ba ta cire ba ta ji ƙarar babur ɗin Sammani.

"Ke nan duk alawar nan da nake kawowa..." Ya kasa ƙarasawa, idanunsa suka ciko. "Haba Safara'u! Da hannuna? Wallahi ba inda za ni."

Shi ya yarda, amma mahaifiyarsa Hajiya Laraba ta ce ba da ita ba. "Matar da kullum tana hanyar asibiti? Ni da kaina zan je in ba iyayenta haƙuri."

Ta kuwa je. Safara'u ta durƙusa har ƙasa ta gaishe ta, magana ma da ƙyar take fita.

"Mi ya sa kika yi ta cin abin da zai cuce ki?" Hajiya ta tambaya, fuska a ɗaure.

"Hajiya, da farin ciki yake kawowa. Ban iya kallon idonsa in ce a'a ba. Laifina ne, don Allah kada a ga nashi."

Hajiya ta tsura wa kumburarren kuncin nan ido. Maganar da ta zo da ita ta ƙi fitowa. Sai ga ta tana tambayar Inna wace rana likita ya ce su koma, ta ce tare da ita za a je.

Suga ya sauka, aka cire haƙori, wurin ya warke lafiya. Bayan babbar Sallah aka ɗaura aure.

Da aka kawo amarya, Hajiya Laraba ta kama hannunta ta damƙa wa Sammani.

"Ga ta nan, ɗiyata ce, aro na ba ka. Ke kuma, daga yau in abu zai cuce ki, ko ni na miƙo maki, ki ce a'a. Allah ya yi maku albarka, ya ba ku lafiya da zuri'a ɗayyiba."

Ɗaki ya amsa da amin, Safara'u ta kifa kanta a cinyar Hajiya ta fashe da kuka.