Uwar Aro

"Gwaggo, ki fito daga bayan labulen nan! Ba ke kika haife ni ba!"

Ni na faɗi haka, a tsakar gidanmu na Toranke.

Inuwa, saurayina, tela ne a Gaya. Yana durƙushe a ƙofar ɗaki shi da baffansa Gwadabe, sun zo gaida uwar yarinya. Suruka ba ta haɗa ido da suruki, shi ya sa dangi suka zaunar da Gwaggo Hanne, ƙanwar babana, tana amsa gaisuwa a matsayin Innata. Wai wa zai gane?

Inna kuwa tun safe aka kai ta ɗakin bayan rumbu. Tun ina goye take jin muryoyin da ba wanda yake ji, babanta ma da ciwon ya rasu. Ƙwayar asibitin Kano tana kwantar da shi, ba ta raba ta da shi ba.

"Baiwa, kin kashe mu!" in ji Gwaggo.

Baffa Gwadabe ya miƙe yana kakkaɓe riga.

"Ashe gaskiya Barira ta faɗa..."

Barira 'yarsa ce, ta daɗe tana yi wa Inuwa kwalliya a banza.

"Tashi, yaro. Taɓin hankali jini yake bi. Ka tuna da 'ya'yanka!"

Ban sunkuyar da kai ba.

"Malam Inuwa, zai iya zuwa kaina, zai iya zuwa kan ɗanmu, zai iya tsallake mu duka. Likita ma bai sani ba. Ina son ka, wallahi ina son ka... amma Innata ko ran da ba ta gane kowa ba, ba ta bar ni da yunwa ba. Wanda bai durƙusa mata ba, ba zai aure ni ba."

Inuwa ya bi bayan baffansa.

Na yi kuka har na gode Allah, amma a cikin rumbu, kada Gwaggo ta samu abin faɗi.

Sai bayan kaka, a shekarar da yaƙin basasa ya ƙare, na ji ƙararrawar keke a ƙofar gida. Inuwa ne, duk ya rame, babansa na biye da shi.

"Baiwata, na yi tunani har na gaji. Tsoro bai bar ni ba, amma rashinki ya fi shi. Kai ni wurin Inna."

Ya cire takalmi, ya zube a gabanta. Inna ta ajiye faifan da take saƙawa, ta karkata kai tana sauraren muryoyin nan nata.

"Ga su nan, wai in kore ka."



"To me kika ce musu, Inna?" ya tambaya a hankali.

"Na ce su yi mini shiru. Ni na haifi 'yata, kuma na ba ka."