Sallamar da Lailatu Ba Ta Amsa Ba

Sallama uku Inna Asabe ta yi a tsakar gidan ɗanta Jibrilla, nan cikin Tawa, ba a amsa ko ɗaya ba. Ga takalmin matar gida a bakin ƙofa, ga tukunya bisa murhu, amma ɗaki a rufe ruf. Tsohuwa ta sauke ƙullin wake da ta ɗauko tun daga Barmu, ta zauna cikin rana, ta ƙi ko neman inuwa.

Ba zan rufa wa Lailatu asiri ba: ta ji sallamar, ta kuma gane muryar surukarta. Wata biyar ke nan tana shirin jarabawar kulawud, ta masu gina manhaja a kan manyan injuna na nesa da ake haya ta intanet. Ta fara ba ta san komai ba, ga Ingilishi da bai zauna mata a baki ba. Ran nan gwaji take yi a kan ordinatarta, wato kwamfuta, irin na ranar gaske, inda mutum ke zama shi kaɗai, kamara na kallonsa, in ya tashi ko ya yi magana a soke jarabawar. Ta dubi agogo, saura minti goma sha ɗaya. Ta ce a ranta, bari dai in ƙarasa.

Da ta fito ta durƙusa, Inna ko kallonta ba ta yi ba. Ruwan da ta kawo ma yana nan a ƙasa har Jibrilla ya dawo daga kabu-kabu.

— Kai, in ji Inna, don ba ta faɗin sunan ɗan fari. Ko wanga akwati shi bar gidanga, ko ƙafata ta bar shi har abada. Ni za a shanya kamar kuɓewa?

Saura kwana tara jarabawa, kuma ƙungiyar da ta ɗauki nauyin karatun sau ɗaya take ba mutum kujera. Jibrilla ya bi matarsa ɗaki, ya tarar tana kuka. Tausayi ya kama shi, don shi ya san yadda ta wahala.

— Laila, ban iya ce ma Inna a'a, ban kuma iya ganin hawayenki. Ki ce mini yadda zan yi.

— Jibo, ni na yi laifi. Gwaji ne fa, ba jarabawa ba. Da na tashi, ba abin da zai ɓace.

Ta naɗe ordinatar, akwatin da Inna ke nufi, cikin zanenta mafi kyau, ta kai gaban Inna, ta ajiye.

— Inna, ki gafarta mini. Ga shi, ki yi yadda kika so da shi. In kin yarda, ran Alhamis ta sama ki ara mini na awa biyu.

Inna ta tura ƙullin ƙarƙashin gadonta.

Sai karatu ya koma cikin littattafan da Lailatu ta cika da rubutun hannu. Kullum da azahar Jibrilla kan jingine babur a gindin bedi, ya zama malami. Malamin da ya bar lakwal tun aji shida! Yana karanta Ingilishi da bakin Faransanci, ita tana dariya har da riƙe ciki, shi kuwa ya haɗe fuska.

— Madam, a bar raina maigida. Amsa: A ko C?

— C.

— Kin faɗi. Tashi ki kawo mini fura, tara ce.

Wata rana ta faɗi tambaya bakwai a jere, dariya ta ƙare, ta kifa kai a gwiwa. Ya ce mata a hankali, shi ma sau huɗu ya sha ƙasa kafin ya iya babur, kuma ko ta ci ko ba ta ci ba, ita ce dai Lailarsa. Inna na gefe tana tsince wake kamar ba ta ji.

Ran kwana na shida tsohuwa ta kasa daurewa.

— Ke, wai mi a cikin karatun nan naki?

— Kamar rumbu ne, Inna. Asibiti ko ɗan kasuwa ya ajiye bayanansa a rumbun wasu, can nesa. Aikina in gina hanyar zubawa da ta ɗiba, in kuma tsara wanda zai taɓa me. Mai ɗiban hatsin tuwo ba a ba shi ikon sayarwa.

— Wanga kuwa na san shi tun ba a haife ku ba. Rumbunmu guda ya ƙare kafin damina, don kowa na sa hannu.

Lailatu ta ɗauka an sauko. Ina! Inna ta koma kan wakenta, akwati ya ci gaba da kwana ƙarƙashin gado.

Alhamis ta zo. Lailatu ta yi shara, ta dama wa Inna kunu, ta gaishe ta kamar kullum. Jarabawa ƙarfe goma, ga tara ta wuce. Jibrilla ya ƙi fita aiki, sai goge babur yake, ya goge ya sake gogewa. Can sai ga Inna da ƙulli a hannu.

— Sau guda kika roƙe ni, ba ki ƙara ba. Kwana tara ina kallon fuskarki in ga ko za ta ɓaci a kaina, ban gani ba. Amshi. Ki rufe ƙofa da kyau.

Tsohuwa ta ja tabarma ta zauna a bakin ɗakin da carbinta. Maƙwabciya Zahara ta shigo aron rariya, Inna ta kore ta da hannu tun daga zaure. Jibrilla kansa da ya yi tari, harara ya sha.

Bayan awa biyu da 'yan mintoci ƙofa ta buɗe. Lailatu ta wuce mijinta da ke tsaye yana jira, ta zube gaban tsohuwa.

— Inna, na ci.

Inna ta jawo ta jikinta.

— Ɗiyata, ni ma ki yafe mini. Ina ta jin tsoro, in ce ko kwanakin da na hana miki sun kayar da ke.

Su biyu suka yi ta kuka, Jibrilla ya juya baya yana share ido da hula.

To 'yan uwana masu neman ilimi, ku nema da ƙarfinku, amma kada agogo ya fi muku girman iyaye. Wanda ya amsa laifinsa ya yi haƙuri, wanda ya tsare masa hanya shi zai koma mai gadinsa. Inna dai ta koma Barmu ran Asabar, tana gaya wa duk wanda ke cikin mota cewa ɗiyarta ce ke riƙe da mabuɗin rumbunan nesa.