Takardar Asibitin Bushra

Ranar Laraba, bakwai ga Mayu, 2025, da hantsi, Malam Hayatu yana zaune a zaurensa a Talata Mafara sai ya ji kukan ɗiyarsa Bushra daga cikin gida. Mako biyu ke nan da yi mata aikin cire ƙari a ciki, saura wata biyu bikinta.

"Baba, duba!" Ta miƙo waya.

Takardar asibiti ce da ta aika wa Maiwada, akawun makarantar da take koyarwa a Maradun, don a ba ta hutu. Shi kuwa ya ɗora ta a guruf ɗin ma'aikata, mutum arba'in da bakwai! Har ya rubuta a ƙasa: "Masu cigiyar Malama, ga dalili."

Cikin mutanen nan akwai Taibatu, yayar Murtala, saurayin da zai auri Bushra. Kafin azahar hoton takardar ya isa Bakura, garin su Murtala. Kafin mako ya zagayo, uwar Murtala ta aiko a dakatar da biki.

"Wai an taɓa mahaifa, ba ni haihuwa," in ji Bushra cikin kuka. "Alhali likita cewa ta yi lafiya lau nike!"

"Yi haƙuri, ɗiyata. Kada ki mayar da ko harafi ɗaya a guruf ɗin nan."

Murtala ya zo ya durƙusa, ido jawur. "Baba, Inna ta ce in na aure ta, ba da yawunta ba. Ni ba ni saɓa mata — amma wallahi ba ni barin Bushra!"

Wata biyar yana rarrashin Inna. Da yardar Bushra ya kai Inna gaban likitar, ta ji da kunnenta, jikinta ya yi sanyi. Bayan girbin gero aka ɗaura aure. Mahaƙurci mawadaci, sai dai har yau in Bushra ta shiga taron suna, cikinta mata ke fara kallo kafin fuskarta.

Sai bayan biki Maiwada ya lallaɓo zauren da ƙullin goro.

"Malam, ai tun ranar na yi dilit, na goge ta. Tsautsayi ne, sori."

"Sori!" Malam ya cire tabarau. "Shekara talatin da biyar ina riƙe da alli, ban taɓa karanta sirrin yaro a gaban aji ba. Guruf na aiki ne, Maiwada: sanarwar taro, jadawalin jarrabawa. Abin da aka ba ka amana, ba a tura shi sai an tambayi mai shi. Magana zarar bunu ce."

"To ai an yi auren, Malam…"

"Haƙurinsu ya yi shi, ba dilit ɗinka ba! Ɗauki goronka. A gaban mutum arba'in da bakwai ka tona ta, a gabansu za ka rubuta, da sunanka, cewa ka ci amanar Malama Bushra, kana neman gafararta. Yau, ba gobe ba. Kuma wannan kada ka goge shi!"