Kyautar da Malam Garba Ya Yi a Gindin Gawo

Ranar Alhamis, sha bakwai ga watan Oktoba na 2019, ƙarfe biyar da minti ashirin na yamma, Malam Garba, tsohon ma'aikacin gidan waya na Filinge, ya miƙe daga gaban tele yana huci. Kwana hamsin da uku ke nan da binne matarsa Salamatu.

Ɗiyarsa Basiratu ce ta zo da fim ɗin daga Bonkuku, inda take koyarwa a lakwal, makarantar boko, wai ko zai ɗebe masa kewa. Na Turawa ne, da rubutun Faransanci a ƙasa. Wasu mala'iku biyu aka aiko wani gari na bakin teku. Ɗaya ya ga wata mai gasa burodi, ya so ta, ya ajiye fukafukansa a ƙofar shagonta don ya zama mutum.

"Kashe abin ga," in ji Garba.

"Baba, saura kaɗan. Yanzu za su yi aure."

"Aure! Mala'ika ba shi ci, ba shi sha, ba shi saɓa ma Ubangijinai. Ƙarya ta farko ke nan. Ta biyu, wane mahaukaci ka barin inda ba a mutuwa shi taho nan? Su nuna min shi shina wanke mata miki wata bakwai. Su nuna min shi bakin kushewa!"

"Wasa ne fa, Baba."

"Da uwarki aka yi wasan?"

Basiratu ta sunkuyar da kai. Ya ga hawayenta, haushinsa ya ƙaru, don ya san bai kyauta ba. Ya ɗauki gorar ruwa da sanda, ya ce zai je gona ya kwanto jaki.

Gonar tana ƙarƙashin dutse, tafiyar minti ashirin da biyar ga mai ciwon gwiwa irinsa. An gama yankan hatsi, sai kara a zube. Iska na ɗauke da ƙamshin harawa da hayaƙin tuwo daga gari. Tun rasuwar Salamatu ya koyi magana shi kaɗai, yau kuwa faɗa yake yi. Da ya isa gindin gawon da jakin yake ɗaure, ya kwance igiyar, ya naɗe ta a wuyan hannunsa, ya ɗaga murya.

"Duk mai kwaɗayin rayuwar ɗan Adam, shi zo shi amshi tawa. Kyauta na ba shi!"

Gyare suka yi shiru, duka lokaci ɗaya.

Jakin ya daina tauna. Ya kwantar da kunnuwa.

Wani dogon mutum na tsaye bayan gawon, cikin farar riga wadda ko ƙaiƙayi bai taɓa ba. Busasshen kara ya kewaye wurin, amma Garba bai ji takunsa ba.

"Ruwa," in ji mutumin, a hankali.

Bai yi sallama ba. Garba ya lura. Amma a nan ƙasar Kurfai ba a tambayar baƙo sunansa sai ya sha ruwa, haka ubansa ya koya masa. Ya miƙa gorar. Mutumin ya kafa kai ya daɗe. Maƙogwaronsa bai motsa ba. Gorar ta dawo da nauyinta.

"Na zo amsar kyauta."

"Wace kyauta?"

"Wadda ka yi yanzu. Tun gida nike bayanka. Ni ma na yi kallon. Kusa da randa nika tsayawa."

"Wa ya shaida na yi kyauta?"

"Jakinka."

Mai hankali da ya gudu. Amma fushin Garba har yanzu ya fi tsoronsa girma.

"To kai ne mala'ikan da za a yi ma aure?"

"A'a. Gaskiya ka faɗa ma ɗiyarka, su ba su da kwaɗayi. Mu da ke cikin dutsen ga muna da shi." Ya matso. Ba shi da wari ko kaɗan, ko na zufa, ko na ƙasa. "Fara ba ni yunwa."

"Ɗauka! Mi ta tsinana min?"

Ya ji kamar ana jan igiyar guga daga cibiyarsa. Cikinsa ya yi tsit. Sai na baƙon ya yi ƙugi. Mutumin ya dafe ciki, ya yi dariya kamar wanda aka yi wa bushara. Bakinsa ya fara warin mai azumi.

"Ba ni ciwon gwiwar."

"Ɗauka. Shekara goma sha biyu nike neman mai so."

Gwiwar hagun Garba ta saki. Baƙon ya karkata. Kara ya ƙarye ƙarƙashin ƙafarsa, ƙas. Inuwarsa ta fito, doguwa, ta kwanta ta nufi gabas.

Rana ta taɓa ƙasa.

"Saura ita."

"Wa?"

"Salamatu. Shekara arba'in da ɗaya. Ita ta fi maka ciwo, kullum ina jin ka. Ba ni, yau ka yi barci."

Bai jira amsa ba. Ya ɗora tafin hannu a ƙirjin Garba.

Sanyi ya ratsa shi har baya.

Ranar da aka kawo ta daga Abala, da lalle har gwiwar hannu, ta fara dusashewa. Yadda take tsaki in ya manta hula. Yadda take dariya da hannu a baki. Ɗaya bayan ɗaya suke zamewa, kamar ana warware zare.

Baƙon ya buɗe baki.

"Malam, ka ci abinci?"

Muryarta ce. Har da ɗan kaushin nan na safiya.

Abin da ya taso wa Garba ya wuce tsoro.

"Ɓarawo ɗan ɓarawo! Kai ka ɗora ta bisa amalanke zuwa likita? Kai ka riƙe mata tasa tana amai? Kai ka sauka cikin ramin kushewarta?"

"Kyauta ba ta komawa," in ji muryar Salamatu.

"Yunwa tawa ce, na ba ka. Gwiwa tawa ce. Wannan tare muka tara ta da ita, ba ni da ikon ba kowa!"

Hannun bai ɗaga ba.

Garba ya san gwiwar nan da baƙon ya amsa. Ya san daidai inda ko bakin zani ba ta so ya taɓa. Ya ce bismillahi, ya ɗaga sanda, ya sauke ta nan da duk ƙarfinsa.

Ihun ya tada tsuntsaye daga dutse. Ihun wanda bai taɓa jin zafi ba sai yau.

Jakin ya zabura. Igiyar ta fizgi Garba, ya faɗi, ta ja shi cikin kara. Ya miƙe. Ya ruga kamar saurayi.

Bayansa akwai taku. Ɗaya da nauyi, ɗaya ana ja.

"Malam, tsaya mana."

Bai waiwaya ba.

"Malam, za ka bar ni nan?"

Ya ciji leɓe har jini. Bai waiwaya ba.

Numfashi mai warin yunwa ya taɓa ƙeyarsa. Daidai nan ladanin masallacin bakin gari ya ɗaga murya.

Takun ya tsaya.

Ƙarfe bakwai saura kwata ya faɗa zaure, igiya ta yanke masa wuyan hannu, rigarsa duk ƙarangiya. Abu na farko da ya yi shi ne ya nemi gafarar Basiratu. Na biyu, ya sa aka matsar da randa.

Tun daga ranar bai ƙara jin yunwa ba. Ba ya ci sai an ajiye kwano gabansa an tsaya a kansa. Gwiwarsa ba ta ƙara ciwo ba, ko da damina. Lallen da tsakin da dariyar duk sun dawo masa kafin mako. Yana tuna kowace kalma da Salamatu ta taɓa faɗa masa, amma da muryarsa yake jin ta. Malamai uku sun yi rubutu, muryar ba ta dawo ba. In aka taɓo maganar ba ya kuka. Zagi yake yi, yana kallon wajen dutse.

Waɗanda suka rage bayan haka su ne: Malam Garba, wanda ya rame har agogo na zamewa daga hannunsa. Basiratu, wadda ta nemi a maido ta Filinge don ta riƙa tuna masa da abinci sau uku a yini. Jakin, wanda ko da duka ba ya bin hanyar gonar. Sai wani dogon mutum mai ɗingishi da ƙafar hagu, wanda masu tuwon kasuwar Baleyara suka sani. Yana cin kwano huɗu bai ƙoshi ba. In ya gama, sai ya juya ga duk dattijon da ke kusa, ya tambaye shi da muryar tsohuwa ko ya ci abinci.