Baƙin Mai a Ƙofar Tiyata

Ana saukowa daga masallacin Juma'a, a daminar 1974, aka kai rahoto caji ofis na Gaya: an sace akwatin kayan aiki daga ɗakin tiyata na ƙaramin asibitin garin.

Sufeto Inuwa ya tarar da Gaji ungozoma tsaye a baranda.

"Ranka ya daɗe, ga Hansai can an kawo ta daga Ajingi, naƙuda ta zo da gardama. Likita ya ce sai an yi mata aiki kafin magariba. Ruwa ya cinye hanyar Kano. In ba akwatin nan, ba ita ba ɗan."

"Wa ke riƙe da mukulli?"

"Barau diresa, mai wanke ciwo."

Barau ya rantse ya kulle ɗakin kafin ya tafi masallaci. Sufeto ya zuba masa ido. Kallon ya yi wa Barau yawa.

"To, gaskiya a jikin kwaɗon na manta shi. Amma ka tambayi Maiwada maƙeri. Shi ya ƙera ƙofar, shi ya san cikinta."

Aka zo da Maiwada, wani kofur na riƙe da wuyan rigarsa. Sufeto ya sa aka sake shi.

"Baba, yi mini bayanin ƙofarka."

"Likita ne ya ce yana son ƙofar da hannu ba zai taɓa ba bayan an wanke shi. Da kafaɗa ake tura ta. Sai na yi mata hinji na tagulla, na yanka bakinsa a karkace. In ka tura, ƙyauren ya ɗan hau sama. In ka sake, nauyinsa ya dawo da shi a hankali, yana gurnani kamar tsohon raƙumi."

"Ba a sa mata mai?"

"Haram. Mai yana kama ƙura, ƙura ta shiga ciwo. Duk mai aiki a ɗakin nan ya san wannan."

Sufeto ya tura ƙofar da kafaɗa, ya matsa gefe. Ba gurnani. Ƙyauren ya dawo da gudu ya bugu da bango, gam.

Maiwada ya durƙusa, ya shafa hinjin, ya ɗago yatsa baƙi ƙirin.

"Wane mara mutunci ne ya yi mini wannan?"

Sufeto ya shinshina. Ba man gyaɗa ba ne, baƙin man mota ne. Ya bi gefen ƙyauren da ido, daidai ƙugu ya ga jini ya bushe.

Ya juya wajen Gaji. "Kina ina lokacin salla?"

"Ɗakin da ke jikin wannan, ina tare da Hansai. Da an buɗe da na ji. Gurnanin nan har barci yake tayar da ni."

"Shi ma ɓarawon ya san haka," in ji Sufeto. "Wa ke taɓa mota a asibitin nan?"

Datti direban motar asibiti yana ƙarƙashin darbejiya, hannun damansa cikin aljihun riga. Watansa bai fi biyu da kama aiki ba.

"Malam Datti, ina ka yi salla?"

"Babban masallaci, yallaɓai. Sahun gaba."

"Madalla. Ba ni hannu mu gaisa."

Datti ya miƙo na hagu. Sufeto ya tsaya yana jira. Da na daman ya fito, yatsu uku a naɗe suke da tsumma.

"Bonet ne ya datse ni."

"Yaushe?"

"Jiya."

"Jiya da hannun nan ka ci tuwo a gabana," in ji Barau daga baya.

Sufeto ya buɗe bonet ɗin, ya duba bakinsa. Ba jini. A gefen batir ga 'yar butar mai, bakinta a jiƙe.

"Kai direba ne, duk abin da ya yi ƙara mai kake ba shi. Ka ba ƙofar don kada Gaji ta ji. Ba ka san gurnanin nan shi ne birkinta ba, shi ya sa ta datse maka yatsu."

Datti ya sunkuyar da kai. Daga cikin asibiti aka ji nishin Hansai.

"Ka ji ta," in ji Sufeto, murya ƙasa-ƙasa. "Yanzu sata ce a kanka. In rana ta faɗi, rai ne."

"Yana ƙarƙashin tayar safaya," in ji Datti. "Wani mai allurar kasuwa a Ajingi ya ce in kawo masa. Wallahi ban san yau za a buƙace shi ba."

Barau ya sungumi akwatin ya ruga wajen tukunyar dafa kayan aiki. Kofur ya sa wa Datti ankwa, yana kaffa-kaffa da yatsun.

Maiwada ya cire hinjin, ya wanke da ruwan zafi da sabulu, ya mayar. La'asar sakaliya Sufeto yana zaune a baranda ya ji ƙofar ta yi gurnaninta, ta rufe a hankali bayan likita.

Bai tashi ba sai da ya ji kukan jariri.