Atishawar Shugaba

"Ki bari in shiga mana, rabin raina."

"Sa takunkumi tukuna," na ce, ina tsaye a bakin ƙofa.

Wanda zan aura ke nan. Ni na laƙaba masa Shugaba, don yana da gidauniyar taimakon marasa lafiya, shi ne shugabanta, shi ne kuma mambanta. Ya karɓi takunkumin da yatsa biyu kamar na miƙa masa mataccen ɓera.

Autarmu na cikin ɗaki. Ciwon dajin jini gare ta, maganin da ake ɗura mata ya cinye garkuwar jikinta tas. Likita ya ce murar da ni zan yi ina taka kekena na ɗinki, ita tana iya kai ta kabari.

"Muryarka fa? Kamar ta toshe."

"Jawabi na yi jiya, jama'a suka hana ni sauka."

Mama ta harare ni. "Ke ba ki da kunya? Kin tsare bawan Allah kamar 'yar sanda."

Na matsa. Na je kawo masa ruwa, ina dawowa na tarar ya sauke takunkumin zuwa haɓa, ya manna kumatunsa da na Auta, waya a sama.

"Yi murmushi, ƙanwata... duniya za ta ga jarumtarki."

Sai atishawa. Irin mai feshin nan. Ya share hanci, ya duba hoton, ya ce bai fita ba, a sake.

Ba a jima ba zazzaɓi ya rufe Auta. Tari, numfashi sama-sama. Aka kwantar da ita a ɗakin da ba a shiga, robar iska a hanci, mu sai leƙe ta gilashi. 

Ya zo asibiti da furanni, mai kyamara na biye da shi.

"Masoyiyata, ko runtsawa ban yi ba. Kin ga yadda mutane ke kuka a ƙarƙashin hoton da na ɗora a intanet?"

"Ka san kana mura ranar?"

"Ɗan sanyi ne. Har magani na sha don kada ki gane... wato don kada hankalinki ya tashi."

Na dube shi sama da ƙasa. Riga ta sha guga. Na rasa abin da na gani a jikinsa tun farko, wataƙila gugar ce.

"Ina sonki fa," ya ce, yana satar kallon mai kyamara.

"Goge hoton."

"Haba, ai ya riga ya yi nisa..."

Mama ta miƙe. Ta karɓi furannin da ladabi, ta miƙa wa mai shara da ke wucewa.

"Ɗana, ga hanya can. Maganar aure kuma a bar ta."

Sai da ya sha kwana kukan ya zo mini, kuma ba shi nake yi wa ba. Nas ta leƙo ta ce zazzaɓin bai sauka ba tukuna. Mama ta kama hannuna, muka koma jikin gilashin.