Kwalbar Da Ke Lanƙwasa Haske

Ranar da suka fara haɗuwa, faɗa suka yi. Tana ɗakin baya na shagon haƙoran roba na mahaifinta, tana kallon kwalbar ruwan roba na juyawa cikin sabon injin, majigi na haska wa kwalbar hotuna ta kowane gefe don haƙori ya daskare a tsakiya lokaci guda. Abin da ya fito kamar taunannen cingam. Wani saurayi da ya kawo kakarsa awo ya leƙo, ya kwashe da dariya.

"Lissafinki ya ɗauka haske miƙewa yake yi. Kwalbar nan zagayayya ce, lanƙwasa shi take."

"Wa ya tambaye ka?"

"Fim ɗin katun nake yi. Bin haske cikin gilashi shi ne abincina."

"To koma ka ci."

Maganar ta tsaya mata a wuya, don gaskiya ce. Ta zaro lambarsa daga katin kakar, ta rubuta: "Mai Katun, in ba cika baki kake ba, zo gobe da kwamfutarka."

Ya amsa: "Zan zo, Masifatu. Ki tanadi kujera da ɗan haƙuri."

Manhajarsa ta yin katun suka juya wa aiki. Maimakon manhajar ta zana yadda haske ke faɗawa kan abu, sai ta nemo hoton da za a haska don robar ta daskare daidai inda ake so. Kullum cikin musu suke, har ta lura ranar da bai zo ba aikin ba ya mata daɗi.

Da ta kai wa Baba maganar aurensu, sai ya haɗe rai.

"Mai zanen 'yar tsana? Ba a gidana ba. Injin ma a rufe shi. Tun kafin a haife ki muke goge haƙori da hannu, wa ya mutu?"

"Ba wanda ya mutu, Baba. Dasashin masu sakawa dai ke jini, su yi shiru don suna jin nauyinka. Kai ma sai ka cire naka kake cin abinci."

Ya daina amsa gaisuwarta. Ita kuwa ba ta ba da haƙuri ba. Ta ɗauko tsohon awon bakinsa, ita da Mai Katun suka lissafa, suka fitar masa da sabon haƙori, ta ajiye kusa da farantinsa.

Ya harare shi, ya harare ta, ya saka. Ya tauna nama ta hagu, ya tauna ta dama.

"Har yanzu ba ki da kunya," in ji shi. "Ki ce ya turo manyansa."

Ranar ɗaurin aure Baba ya dafa kafaɗar ango.

"Allah ya yi muku albarka, ya ba ku zaman lafiya. Ni dai ban ga alamarsa ba tukuna."

"Amin, Baba," in ji amarya, ta kama hannun mijinta. "Matsa, ka taka min riga."